Shin ya dace a gina gidan tarihi da siffar kifi?

Ɗalibin Zane, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani aiki da ke gabana. Ina karatun zanen gine-gine, kuma aikin da aka ba ni na shekarar ƙarshe shi ne in zana sabon gidan tarihi wanda zai dace da Jihar Kebbi, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya hango ginin daga nesa, ɗan gari ne ko baƙo, ya gane cewa na wannan ƙasa ne tun kafin ya karanta allon da ke bakin ƙofa.

Abin da ya fara zo mini shi ne in yi babban ɗakin nuni da siffar giwan ruwa, zauren shiga ya ɗauki siffar gorar masunta, rumfar da za ta haɗa su kuma ta buɗe irin buɗewar homa, wato ragar kamun kifi ta hannu. Dalilina shi ne babu abin da aka fi sanin Kebbi da shi a waje kamar bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da shekarar 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Hoton masunci rungume da ƙaton kifi ya riga ya shiga kalanda da tallace-tallacen gwamnati, har ma a bayan takardar naira hamsin masunta ne da kifinsu.

Abokan karatuna sun rabu gida biyu. Wasu sun ce abin da jama'a suka sani shi ne abin da ya kamata gini ya nuna musu, domin talaka ba zai shiga wurin da bai ga kansa a ciki ba. Wasu kuma sun ce gini mai siffar kifi ya fi dacewa da wurin wasan yara, kuma zai zubar da ƙimar kayan da aka ajiye a ciki. Tambayata ita ce: shin hotunan da jama'a suka saba gani a yau da kullum sun isa su zama fuskar gidan tarihi, har a ce gini ya nuna ko mu su wane ne? Kuma akwai wuraren da aka gwada haka aka dace?

Tsohon Magini, Argungu

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka. Kafin ka ci gaba da zane, ina ba ka shawara ka zo Argungu ka yini a Gidan Tarihi na Kanta, kuma bayan ka gama kallon masu da takubba da tambura, ka tsaya ka kalli ginin kansa. Gidan nan fadar sarakunan Kabi ce tun cikin ƙarni na 19, a ciki suka zauna har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958, kuma a cikinsa kaburburan sarakuna suke. Ba a gina shi da siffar kifi ko ta gora ba, amma babu Bakaben da zai shiga ya rasa sanin inda yake, domin yadda ake bi ta zaure kafin a kai ciki, da yadda mutum yake rage murya da kansa idan ya ƙetare ƙofa, duk abubuwa ne da ya taso ya tarar a gidan kakansa.

Mu da muka gaji wannan sana'a mun san cewa ginin ƙasa yana da ƙa'idojinsa. Ana murza tubali da hannu a shanya shi a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri daga ƙasa yana raguwa zuwa sama. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ba ta iya ɗaukar rufin soro idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, shi ya sa magabatanmu suka ƙirƙiro bakan gizo, inda ake ɗaure azara a kan azara tana lanƙwasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, a sami ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wanda yake son ganin iyakar wannan hikima sai ya nemi labarin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830. Sai zankwaye a kusurwoyi, da indararo mai fitar da ruwa nesa da bango, da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita don kada damina ta cinye shi. Waɗannan su ne abubuwan da ido yake gani ya ce wannan ginin Hausa ne.

Amma kada abokanka su sa ka ɗauka cewa hoton abin yayi baƙo ne a gininmu. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun attajiran Kano da Zariya, magina sun riƙa yin zayyana a fuskar zaure suna fito da siffar keke, da mota, da agogo, da jirgin sama, kafaɗa da kafaɗa da dagi da takobi da allo. Mai gida yana so duk mai wucewa ya san cewa shi mutumin zamaninsa ne, kuma babu wanda ya ce an ɓata al'ada. Abin lura kawai shi ne inda suka ajiye waɗannan hotuna. Sun kewaye ƙofa da su, sun bar zaure a matsayinsa na zaure, ba su mayar da gidan gaba ɗaya keke ba. Da ni ne kai, da na sa kifin da homar da gorar a cikin zayyanar bango, in nemi magini mai hannu ya fito da su, in bar siffar ginin ta bi tsarin da muka gada.

Malamar Tarihi, Zuru

Baba Magini, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka. Ƙanena mai tambaya, ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne, kuma ina roƙon ka dube shi da idon basira. Kifin nan na wa ne? Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991 ta ƙunshi masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru. Idan yaro daga ƙasar Zuru ya zo Birnin Kebbi ya tarar da gidan tarihin jiha da siffar giwan ruwa, zai yi sha'awa, amma zai fahimci cewa ya zo gidan mutanen Argungu ne. Shi abin da ya sani shi ne bikin Uhola, da golmo, wato noman da saurayi yake yi wa surukansa kafin aure, da rumbunan da ake yi wa ado, da tukwanen da kakanninsa suke ɗorawa a kan kaburbura. Mutumin Yauri zai nemi kwalekwalen bikin Rigata da rayuwar Gungawa a tsibiran Kwara, na Gwandu zai nemi allo da tawada da hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo, ga Zabarmawa da Dandawa da Kambari da Dukkawa da Fulani, kowa da abin da yake tinƙaho da shi. Hoton da ya fi shahara a talabijin ba lalle ne ya zama hoton da ya haɗa kowa ba, sau da yawa shi ne wanda ya fi samun masu ɗaukar hoto.

Wannan matsala ta fi girma idan aka koma kan Najeriya baki ɗaya. Da aka tashi gina babban ɗakin wasanni na ƙasa a Iganmu ta Legas, wanda aka kammala a 1976 domin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, ba a ɗauko siffar ginin daga wata ƙabila tamu ba, an kwaikwayi wani gini ne da ke birnin Varna na ƙasar Bulgeriya. Daga baya jama'a da kansu suka ce ya yi kama da hular hafsan soja, kuma wannan fassarar ce ta zauna, domin a ƙarƙashin mulkin soja aka gina shi. Abin da ya sa ginin ya ɗauki ƙamshin Najeriya shi ne ayyukan masu fasaha irin su Erhabor Emokpae da Yusuf Grillo da aka ƙawata shi da su. Tambarin bikin kuwa fuskar hauren giwa ce ta Sarauniya Idia ta Benin, wadda asalinta ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, har sai da aka sassaƙa wata a gida. Alama ce ta masarauta ɗaya da aka ɗora wa nauyin wakiltar ƙasa da ma baƙar fata baki ɗaya.

A Jos an bi wata hanya dabam. Kusa da gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, an ware fili aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya na sassa daban-daban, ciki har da ganuwar Kano da masallacin Zariya, bisa binciken Zbigniew Dmochowski, wani masani ɗan ƙasar Foland da ya shafe shekaru yana auna gine-ginenmu. A can ba a nemi hoto ɗaya da zai wakilci kowa ba, an bar kowane yanki ya tsaya da ƙafarsa a fili guda. Ina ganin irin wannan tsari ya fi dacewa da jiha mai masarautu huɗu, ko da a ƙaramin sikeli ne: tsakar gida ɗaya, sassa huɗu suna fuskantarta.

Almajirin Malam, Gwandu

Assalamu alaikum. Ina so in ƙara abu ɗaya a taƙaice, domin na ga ba a taɓo shi ba. A yankinmu mutane da yawa suna ƙyamar mutum-mutumi da siffar abu mai rai idan an fito da ita a tsaye, saboda abin da suka karanta a wurin malamai, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga ginin da ake so iyaye su kai 'ya'yansu, makarantun Islamiyya su kai ɗalibansu. Malamai suna da bayanai masu faɗi a kan bambancin zane a bango da siffa mai inuwa, ba zan shiga cikinsu a nan ba, amma mai zane ya kamata ya san cewa ƙaton kifi mai ido da baki zai hana wasu shiga. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa adon gine-ginenmu ya karkata ga dagi da layuka masu sarƙaƙiya da rubutun ajami. Homa da gora da kwalekwale ba su da wannan matsala, ƙanena, sai ka yi tunani a kansu.

Mai Zanen Gine-gine, Gusau

Ina gaida Baba Magini da Malama da Malam na Gwandu. Ƙanena, ni zan ɗan kare ka, domin tunaninka yana da tushe, kuma manyan masu wannan sana'a a duniya sun bi ta hanyar da kake so ka bi. Bambancin yana cikin yadda suka sarrafa hoton.

Gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da aka buɗe a Washington a 2016, wanda David Adjaye ya jagoranci zanensa, yana da hawa uku masu buɗewa zuwa sama, kuma an ɗauko wannan siffa daga kambin da ke kan wani ginshiƙi da Olowe na Ise, gwanin sassaƙa daga ƙasar Ekiti, ya sassaƙa. An lulluɓe ginin da faifan ƙarfe 3,600 masu launin tagulla, waɗanda hujojinsu ke tuna aikin maƙeran da aka bautar a biranen Charleston da New Orleans. Wanda bai san labarin ba zai ga kyakkyawan gini, wanda ya sani zai ga kambin Yarbawa, kuma faifan nan suna tace hasken rana kafin ya kai ga gilashi. A Shanghai, gidan tarihin da aka kammala a 1996 ya ɗauki siffar tsohuwar tukunyar tagulla ta Sinawa, samansa a kewaye, gindinsa mai kusurwa huɗu. A Dakar, gidan tarihin wayewar baƙar fata da aka buɗe a Disambar 2018 an yi shi a kewaye ne, bisa tsarin gidajen yankin Kasamans na Senegal masu tara ruwan sama a tsakiya.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Katar. Sabon gidan tarihinsu na ƙasa, wanda Jean Nouvel ya zana aka buɗe a 2019, ya ɗauki siffar wani dutse mai kama da fure da ke samuwa a cikin yashin hamada, abin da kowane yaro a can ya sani. Amma ba su rushe tsohuwar fadar Sheikh Abdullah bin Jassim ba, sun gyara ta suka bar ta a cikin harabar, sabon ginin ya rungume ta, mai ziyara yana gama zagayen ɗakunan sai ya fito gabanta. Ka kwatanta wannan da ofishin hukumar bunƙasa kamun kifi ta Indiya da ke Hyderabad, wanda aka yi shi kifi sak, da ido da baki da wutsiya. Mutane suna ɗaukar hotonsa sosai, amma da kallo ɗaya an gama da shi, ba ya barin komai da za a gano a ziyara ta biyu.

Akwai kuma abin da takardar zane ba ta nunawa, wato zafi da ƙura da kuɗin gyara. A Birnin Kebbi da nan Gusau ma'aunin zafi yana haura digiri 40 a watan Afrilu, hunturu kuma yana shigo da ƙura ta kowace kafa. Kayan da za ka ajiye fata ne, da saƙi, da takardun ajami, da itace, dukkansu ba sa son zafin da ke hawa da sauka ko hasken rana kai tsaye. Jikin kifi mai lanƙwasa zai tilasta maka amfani da ƙarfe da gilashi da kwano, ya zama ba a iya zama a ciki sai da na'urar sanyaya ɗaki, mu kuwa mun san halin wutar lantarki. Ranar da injin ya tsaya, kayan tarihi ne za su biya kuɗin. Bango mai kauri na bulon ƙasa da aka matse da inji, da ƙananan tagogi a sama, da baranda mai zurfi, da tsakar gida mai itatuwa, za su riƙe sanyi ko babu wuta. Kada kuma mu ɓoye cewa ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara, kuma gine-ginen kwaikwayo na Jos da Malama ta ambata suna fama da ruwan saman da ya fi na Kano yawa.

Shawarata ita ce ka ɗauki homa, ka bar kifin. Sanda mai lanƙwasa da raga a jikinta ta riga ta yi kusa da bakan gizon da Baba ya bayyana, kuma za ka iya yin rumfar tsakar gida da wannan tsari, ragar ta zama abin tace rana. Idan ka sami dama, ka ƙetara ta Kamba ka je Yamai ka ga gidan tarihi na Boubou Hama da aka kafa a 1959, inda ɗakunan nuni suke da ado irin na Hausa, kuma maƙera da dukawa da masaƙa suke aiki a cikin harabar ana kallo ana saye. Yawan jama'ar da ke shiga wurin zai nuna maka cewa abin da ke faruwa a cikin fili yana jawo mutane kamar yadda siffar gini take jawo su.

Ɗalibin Zane, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka da alheri. Zan gwada tsarin tsakar gida da sassa huɗu, da rumfa mai tsarin homa. Saura abu ɗaya da maganar Baba ta tayar mini. Idan maginan Zariya sun sa keke da agogo domin su ne abin yayi a zamaninsu, shin ni ma ina da damar sa abubuwan zamaninmu a bango, kamar wayar hannu, da babur ɗin kabu-kabu, da buhunan shinkafa, da 'yan dambe da kokawa, da alamun finafinan Hausa? Tsorona shi ne abin da yake sabo yau zai tsufa nan da shekara ashirin, gidan tarihi kuwa ana gina shi ne don jikoki.

Tsohon Magini, Argungu

Ɗana, kana da dama, kuma tsoronka yana da magani a cikin sana'ar kanta. Zayyanar bangon ƙasa ba a yin ta don ta dawwama. Bayan damina akan sake yaɓe, kuma idan ado ya lalace ko mai gida ya gaji da shi, magini yana kankare shi ya fito da wani. Ka raba bangonka kashi biyu. Fuskar babban zaure, wadda za ta daɗe, ka bar mata abin da zamani ya riga ya tace, kamar dagi da allo da homa da kwalekwale da rumbu, kowace masarauta ta ga nata. Bangon da ke kewaye da tsakar gida kuma ka yanka shi fage-fage, a riƙa ba matasan magina da masu fentin motoci suna cika su da babur da waya da 'yan dambe da duk abin da ke bakin jama'a, bayan 'yan shekaru a ɗauki hotonsu a ajiye a ɗakin adana takardu, a sake yaɓe a ba wasu. Ta haka ne yaran da muke koya wa wannan aiki za su sami inda za su gwada hannunsu a biya su, domin a yanzu yawancinsu sun koma ga siminti saboda babu mai neman zayyana.

Idan ka zo Argungu, ka taho da abin awo da littafinka. Ka auna kaurin bango da faɗin ƙofofi, ka shiga ɗaki ɗaya da hantsi ka sake shiga da azahar ka ji bambancin sanyi, sannan ka gangara kogin Matan Fada ka roƙi wani masunci ya buɗe maka homarsa, ka ga yadda aka ɗaure sandunan da kuma inda ragar take ɗaukar nauyi, domin daga nan ne za ka san kaurin da bakan rumfarka zai buƙata.